Daga Binciken Fizik zuwa Jagorancin Injiniyancin Kayan Tsaro: Jagora ga Ɗaliban Gidan Amumune da Kewaye

Injiniyan tsari a fannin tsaro shi ne wanda aka ɗora wa alhakin ganin na'urori daban-daban, da manhajojin da ke tafiyar da su, da sojojin da za su riƙe su, sun haɗu sun yi aiki guda. A ɗauki jirgi maras matuƙi da ke shawagi a kan iyaka. Yana da inji da fikafikai da kyamara, da rediyon da ke sada shi da ƙasa, da tashar da ake sarrafa shi, da makanikai da ɗakin ajiyar kayan gyara. Kowane ɓangare da gwaninsa. Wanda ke duban su gaba ɗaya, ya san yadda nauyin kyamara ke rage awannin tashi, ya kuma yanke abin da za a rage da abin da za a ƙara, shi ne injiniyan tsari. In ya daɗe a aikin har aka ba shi ma'aikata da kasafin kuɗi da ikon sa hannu, ya zama jagoran shiri.

Akasarin masu wannan sana'a injiniyanci suka karanta tun farko, amma akwai tsohuwar hanya da ke bi ta binciken fizik. Ga yaro ko yarinyar da suka tashi a Gidan Amumune, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, tafiyar doguwa ce: shekara 13 daga ajin farko na firamare zuwa bakaloriya, shekara 8 a jami'a in za a kai doktora, sannan shekarun aiki. Ƙasa kuwa tana buƙatar irin waɗannan mutane. Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙa ƙirar Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022, sojojin Faransa sun fice a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024, kuma tun 16 ga Satumba 2023 tana cikin ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso. Sayen kayan tsaro daga waje ba ya wadatarwa muddin babu ƴan ƙasa da za su rubuta sharuɗɗan sayen, su gwada abin da aka kawo, su kuma riƙe shi shekara da shekaru.

Abin da fizik ke bayarwa

Kusan kowace na'urar tsaro ta zamani a kan wata dokar fizik take tsaye. Radar tana harba igiyar rediyo mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ta jira amsa-kuwwa; in abin da ake nema yana nisan kilomita 150, amsar kan dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ƙarfin abin da ke dawowa yana raguwa da sauri ƙwarai, har ma wanda ke son ninka nisan ganin radar sau 2 sai ya ninka ƙarfin wutarta sau 16. Kyamarar dare tana karanta zafin da jiki ke fitarwa a tsawon igiya tsakanin maikuromita 8 zuwa 14. Na'urar GPS kuwa lokaci take aunawa: kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa. Wanda ya san waɗannan dokoki zai gane nan take in ɗan kasuwa ya yi masa alkawarin abin da ba zai yiwu ba.

Abu na biyu shi ne tarbiyyar awo. Mai bincike ya saba da cewa kowane adadi yana tafe da gwargwadon kuskurensa, kuma lissafin takarda ba ya zama hujja sai gwaji ya tabbatar da shi. Wannan ɗabi'a ita ce jarin da yake shiga fagen injiniyanci da shi.

Waɗanda suka bi hanyar

Misali mafi kusa da gida shi ne Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya wuce Faransa, ya ci jarrabawar agiregasiyo a fizik a 1956, ya samu babban digirin doktora a 1967. Daga 1964 zuwa 1969 ya shugabanci ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, sannan ya dawo gida ya riƙe hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin dumama ruwa da na tace shi da na busar da amfanin gona. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya rasu a 1991, jami'ar ta ɗauki sunansa a 1992. Aikinsa na farar hula ne, amma ƙetarawar da ya yi daga bincike zuwa ƙera kaya da jagorancin hukuma ita ce ainihin wadda ake magana a kanta.

A fagen tsaro, fitaccen misali shi ne radar. Ranar 26 ga Fabrairu 1935, kusa da garin Daventry na Ingila, Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suka nuna cewa ana iya gano jirgin sama da igiyar rediyo. Tashoshin da aka gina daga wannan gwaji sun yi wa Ingila amfani a yaƙin sama na 1940 domin an haɗa su da layukan tarho da ɗakunan tace bayanai da kwamandojin da ke ba matuƙa umarni. A Indiya, A.P.J. Abdul Kalam, ɗan mai kwalekwale daga Rameswaram, ya yi digirin fizik a 1954, ya ƙara da injiniyancin jiragen sama, ya jagoranci rokar SLV-III da ta kai tauraron Rohini samaniya a 1980, ya karɓi shirin makamai masu linzami na ƙasarsa a 1983, ya zama shugaban ƙasa a 2002. A Amurka, Harold Brown ya samu doktora a fizik yana ɗan shekara 21, ya shugabanci ɗakin binciken Livermore, ya riƙe ma'aikatar tsaro daga 1977 zuwa 1981.

Mataki na farko: daga firamare zuwa bakaloriya

Takardar haihuwa ce farkon komai. Duk wata gasar shiga makaranta ko aikin soja tana da iyakar shekaru, kuma yaron da ba a yi masa takarda a kan lokaci ba sai an je kotu a yi masa hukuncin da zai maye gurbinta. Iyaye su kammala wannan tun yaro yana firamare, su tabbatar rubutun suna iri ɗaya ne a kowace takarda.

Bayan ajin CM2 akwai gasar shiga makarantar ƴaƴan soja ta Yamai, wato Prytanée, wadda aka buɗe a 1996. Wanda bai same ta ba zai yi shekara 4 a kwaleji har ya ci BEPC. A nan ake yanke shawara mafi nauyi, domin ajin kimiyya a lise shi ke buɗe sauran ƙofofi. Sashen C na lissafi da fizik ya fi dacewa. Sashen D ma yana kai mutum, sai dai zai ƙara ƙoƙari a lissafi. Ba kowace lise ke da ajin C ba, saboda haka ɗalibin Gidan Amumune kan buƙaci komawa Mayahi, Tasawa ko Maraɗi. A Maraɗi akwai lisen fasaha ta Ɗan Kasawa, a Yamai kuma akwai lisen haziƙai da ake shiga ta hanyar gasa. Samun mai masauki nagari a gari yana da muhimmanci kamar samun makarantar kanta, musamman ga ƴaƴa mata, domin yawancin masu barin karatu a wannan mataki matsalar wurin kwana da abinci ce ke korar su.

Inda makaranta ba ta da ɗakin gwaji, kasuwa tana da shi. Hutun ƙarshen shekara da aka yi a rumfar mai gyaran rediyo da salula, ko tare da mai haɗa faifan sola, yana koya wa yaro riƙon ƙarfen walda da karanta mitar awon wuta, abin da wasu ɗalibai ba sa taɓawa sai sun shiga jami'a.

Mataki na biyu: jami'a

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3. Mafi kusa ita ce jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, mai tsangayar kimiyya da fasaha da kuma cibiyar IUT. A Yamai akwai jami'ar Abdou Moumouni da cibiyarta ta nazarin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, wato IRI, da makarantar injiniyoyi ta EMIG, da makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA mai horar da masana yanayi da masu kula da na'urorin zirga-zirgar jiragen sama. Tallafin karatu na gwamnati a hannun hukumar ANAB yake.

A matakin lisans, darussa huɗu ne bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba: lantarki da maganaɗisu, ilmin haske, ilmin zafi, da lissafin yiwuwa da ƙididdiga. A haɗa su da rubuta manhaja cikin harsunan Python da C. Ingilishi ma dole ne, domin takardun bayanin na'urori da ƙa'idojin gwaji akasari da shi ake rubuta su.

A matakin masta, zaɓin maudu'i shi ke nuna inda mutum ya dosa. Wanda ke son wannan sana'a ya zaɓi aikin da ke da na'ura a cikinsa: eriya, sarrafa sigina, hotunan tauraron ɗan'adam, batura, ko tasirin ƙura a kan igiyar rediyo. Kundin da aka rubuta bayan ɗalibi ya ƙera abu da hannunsa, ya lalace masa, ya gano dalili ya gyara, ya fi amfani a nan a kan wanda aka gama shi kacokan a kwamfuta. Doktora tana ƙara zurfi da daraja, amma ba sharaɗi ba ce. Da yawa kan ɗauki digirin injiniya bayan lisans ko masta, kamar yadda Abdul Kalam ya yi. Masu neman ƙarin horo a waje suna iya duban cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, ko cibiyar AIMS ta Senegal, ko cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Mataki na uku: ƙetarawa zuwa fagen tsaro

Ƙofofi biyu ne. Ta farko ita ce ta kaki. Rundunar sojin Nijar kan ɗauki masu manyan digiri, irin su likitoci da injiniyoyi, ta ba su horon hafsa, ta tura su sassan sadarwa, injiniyancin soja, kayan aiki ko rundunar sama. Sharuɗɗan shekaru da lafiyar jiki da takardu suna fitowa ne a sanarwar ma'aikatar tsaro, kuma ana binciken halin mai nema. Amfanin wannan ƙofa shi ne mutum zai san yadda soja ke amfani da kaya a daji, ya kuma samu muƙamin da zai sa a saurare shi. Tsadarta kuwa ita ce zai bi umarni, ya tafi duk inda aka tura shi.

Ta biyu ita ce ta farar hula: koyarwa da bincike a jami'a tare da haɗin gwiwa da soji, ko aiki a kamfanin sadarwa, na lantarki ko na jiragen sama, har a tara ƙwarewar da za a nema. Maƙwabciya Najeriya ta nuna yadda irin waɗannan cibiyoyi ke tasowa. A Kaduna aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, a can ne kuma cibiyar fasaha ta rundunar sama, AFIT, take. A Fabrairun 2018 rundunar ta ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi, wanda injiniyoyinta suka ƙera tare da wani kamfanin Fotugal.

Yadda aikin injiniyan tsari yake

Ƙa'idar duniya ISO/IEC/IEEE 15288 ta bayyana rayuwar tsari daga tunani har zuwa ritaya. A aikace, matakan kan zo kamar haka.

Na farko, a saurari mai amfani. Kwamanda zai ce yana son ya ga masu zuwa da dare tun daga nesa. Na biyu, a mai da wannan magana sharuɗɗa masu awo: a gane mutum a nisan mita nawa, a wane irin duhu, cikin daƙiƙa nawa labari zai isa ɗakin umarni. Sharaɗin da ba a iya gwada shi ba shi da amfani a kundi. Na uku, a raba tsarin gida-gida, a ba kowane ɓangare rabonsa na nauyi da wuta da kuɗi, a rubuta yadda zai haɗu da ɗan'uwansa. Na huɗu, a zauna bitar zane sau biyu, ta share fage da ta ƙarshe, kafin a yanka ƙarfe. Na biyar, a ƙera a haɗa. Na shida, a gwada, ana amsa tambayoyi biyu: shin an ƙera abin bisa sharuɗɗa, kuma shin ya biya buƙatar sojan da ya nema? Na bakwai, a riƙe shi da gyara da horo har ranar da za a ajiye shi.

Ga misalin lissafin da ake yi a mataki na uku. A ce tashar sa ido mai kyamara da rediyo tana cin wat 100 dare da rana. A yini guda za ta ci wat-awa 2,400. In aka ɗauka ana samun awa 5 na cikakkiyar rana, kuma kashi 30 cikin 100 yana salwanta saboda zafi da ƙura da waya, ana buƙatar faifan sola na kusan wat 700. In ana son ta yi kwana 2 cikin hazo ba tare da an zuƙe batir fiye da kashi 80 cikin 100 ba, sai an tanadi batir na wat-awa 6,000. Da zarar wani ya nemi a ƙara kyamara mai cin wat 40, sola da batir da hasumiya da motar da za ta ɗauko su duk sun canja. Tsarin kamar amalanken shanu ne: in aka ƙara buhu biyar, sai an sake duban taya da gindin amalanken da ƙarfin shanun.

Yanayin Sahel yana da nasa sharuɗɗan. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 45, kuma a wannan zafi kaurin iska ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 in aka kwatanta da digiri 15 da ake rubuta bayanan jirage a kai. Jirgi zai buƙaci doguwar hanyar tashi, ya kuma rage kaya. Faifan sola kan rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri sama da 25. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska, tana rufe idon kyamara, guguwar farkon damina kuma tana kayar da hasumiya. Ƙa'idar gwaji ta MIL-STD-810 tana da babi a kan zafi da yashi da ƙura, amma takardar shaidar da aka kawo daga waje ba ta hana a sake gwaji a filin gida kafin a biya kuɗin ƙarshe.

Akwai kuma ma'aunin nunar fasaha mai hawa 9 da hukumar NASA ta fito da shi. Hawa na 1 zuwa na 3 fagen mai bincike ne, na 9 kuwa kayan da ya riga ya yi aiki a fili. Ayyuka da yawa a tsakiya suke mutuwa, inda abin da ya yi aiki a kan tebur ya kasa jure girgizar mota da hannun wanda bai ƙera shi ba. Mai fizik da ya koyi fitar da kaya daga wannan tsakiya ya zama injiniya.

Hawa zuwa jagoranci

Tsanin yana da matakala huɗu: injiniyan ɓangare guda, injiniyan haɗawa da gwaji, babban injiniyan tsari, sannan daraktan shiri. Matakala ta biyu ce makaranta mafi girma, domin a wurin haɗawa kurakuran kowa ke bayyana. Bai kamata a tsallake ta ba ko da an samu dama.

Wasu ɗabi'un bincike sai an sauke su a hanya. Mai bincike yana iya jira har sakamako ya gamsar da shi, jagora kuwa yana yanke hukunci a ranar da aka sa, da bayanan da ke hannu. Mai bincike kan yi aiki shi kaɗai ko da mutum biyu; jagora kan raba aiki ga waɗanda suka fi shi sanin ɓangarensu, ya amince da su, ya kuma duba. Sababbin abubuwan da zai koya su ne kasafin kuɗi, jadawalin aiki, dokar kwangilar gwamnati, da rajistar haɗurra inda ake rubuta abin da ka iya lalacewa da wanda ke da alhakin tare shi. Zai koyi taƙaita matsala mai wuya a shafi guda ga janar ko minista, ya kuma iya faɗa wa na sama da shi cikin ladabi cewa kaya bai shirya ba.

A teburin ciniki, ya tuna cewa kuɗin riƙon kayan tsaro a tsawon rayuwarsa kan zarce kuɗin sayensa. Kwangila tagari tana ɗauke da kayan gyara na shekaru, littattafan fasaha, horar da makanikan gida, da izinin buɗe na'ura a gyara ta ba tare da jiran baƙo ba.

Doka, sirri da amana

Sashe na 36 na ƙarin yarjejeniya ta ɗaya ta 1977 a kan yarjejeniyoyin Janeba na 1949 ya wajabta wa ƙasa ta duba halascin kowane sabon makami kafin ta ƙera ko ta saye shi. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta makaman nukiliya a Afirka, abin da ya shafi duk masanin fizik a ƙasar da ke haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Ƙasashe masu ƙera makamai suna da dokokin hana fitar da wasu fasahohi, kuma ɗalibin da ke karatu a waje dole ya san iyakarsu. Wanda ya shiga wannan aiki ya sallama ƴancin wallafa duk abin da ya gano, kuma ba ya tattauna aikinsa a majalisa ko a shafukan sada zumunta.

Amanar kuɗi ita ce jarrabawa mafi tsanani. Binciken da aka gudanar a ma'aikatar tsaron Nijar, wanda ya fito fili a 2020, ya gano aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Sa hannun injiniya a takardar karɓar kaya shaida ce cewa ya gwada kuma ya gamsu, sojan da zai shiga daji da wannan kaya kuwa a kan shaidar yake dogaro.

Guraben jagoranci a fannin tsaro kaɗan ne, kuma ba duk wanda ya kama hanyar zai kai ƙarshenta ba. Ƙwarewar da aka tara dai tana da kasuwa a kowane mataki: mai lisans zai koyar da fizik a lise ko ya kafa sana'ar sola, mai masta zai samu gurbi a ASECNA, kamfanin lantarki na NIGELEC, hukumar hasashen yanayi ko kamfanonin sadarwa, mai doktora kuma a jami'a ko hukumar makamashin nukiliya ta HANEA. Daga kowanne cikin waɗannan wurare ana iya komawa fagen tsaro daga baya, muddin mutum ya adana shaidar ayyukan da ya ƙera, ya gwada, ya kuma miƙa su suna aiki.